Tabon Shayi a Shaidar Likita

Nazeefa ba ta kalli likitan ba. Idonta na kan bangon da ke bayansa, inda aka rataye wata takarda cikin firam mai ruwan zinariya. A ƙasanta, ɓangaren hagu, akwai wani tabo launin ƙasa mai kama da ganyen gwaiba.

"Gobe da safe za mu cire maƙoƙon nan," in ji Dakta Abdulmajeed, yana latsa wuyan mahaifiyarta, Inna Yelwa. "Minti arba'in, Mama, kin tashi."

Yayanta Ilyasu, direban bas a hanyar Kubwa, shi ya kawo su wannan ƙaramin asibiti na Tungan Maje. Ya nuna bangon da makullin mota.

"Inna, kin gani ko? Kwalejin manyan likitocin fiɗa ce ta ƙasar Turawa. Ba kowa suke ba wa ba."

Likitan ya yi murmushi. Nazeefa ta san tabon nan, domin ita ce ta yi shi.

* * *

Shekara uku ta yi tana shara a Maitama, a gidan wani tsohon likita, Dakta Zacharias. Wata rana ya cire takardar daga firam don a sauya gilashi, ita kuwa ta kawo shayi, ya zube a gefen takardar. Ta durƙusa tana jiran kora, sai ta ji yana dariya.

"Tashi, 'yata. Kin san mece ce wannan? A can ƙasar Turawa ma, a da wanzamai ne ke yi wa mutane fiɗa. Da safe aski, da rana a yanke ƙafa, da yamma a haƙa kabari. Shi ya sa aka kafa kwalejin nan, tun kakannin kakanninmu, ta riƙa tantance wanda ya isa ya riƙe wuƙa. Sau biyu suka kayar da ni kafin su ba ni." Ya goge shayin da hular kansa. "Bar tabon. Yanzu ta zama tamu mu biyu."

Da ya rasu, 'ya'yansa suka zo daga waje, suka kwashe ɗakin karatunsa a kwalaye cikin kwana biyu. Da idonta ta ga baban bola ya tura kwalayen a amalanke.

* * *

Ta matsa kusa da bangon kamar mai neman iskar fanka. Rubutun ya fi ƙarfinta, amma wurin da suna yake ya fi sauran takardar fari. Lambobi kuwa ta iya su: 1979. Ta saci kallon likitan. Ko furfura ɗaya babu a gemunsa.

"Dakta," ta ce, muryarta can ƙasa, "sau nawa ka zauna jarrabawarsu?"

"Sau ɗaya mana." Ya dube ta, kallon ya ɗan daɗe, sannan ya juya ga Ilyasu. "Ƙanwarka ce, oga? Tana son zama likita ne?"

"Rabu da ita, aji huɗu ta tsaya," in ji Ilyasu.

A waje, gindin darbejiya, ta faɗa musu komai. Ilyasu ya yi tsaki.

"Tabo? Shayi nawa ake zubarwa a Abuja kullum?"

"Yaya, shekarar fa? Ba a haife shi ba ma."

"Wataƙila shekarar kafa makarantar ce. Ke kin iya Turanci? Asibitin gwamnati sun ce sai bayan wata biyar. Ba ki jin yadda take numfashi?"

Tana ji. Ko a tsaye Inna take, wani ɗan fito na fita daga maƙogwaronta. Idan kuma ita Nazeefa ce ta yi kuskure fa? Ta rufe ido, ta ga hular tsohon tana shan shayi a daidai wannan kusurwa.

"Ni na zubar da shi, Inna," ta ce. "Wallahi ni ce."

Inna Yelwa ta gyara mayafinta a kan kumburin.

"Ilyasu, yarinyar nan gaisuwa ma sai an roƙe ta. Yau ta yi wa likita tambaya a gaban mutane. Tayar da motarka."

"Wata biyar fa, Inna."

"Na ji. Allah ya kai mu."

Nazeefa ta koma ɗauko jakar Inna a kan benci. Har wata mata ta zauna a wurin, riƙe da jaririya mai ƙulli a cibiya. Nazeefa ta tsaya a kanta, ta buɗe baki.

"Baiwar Allah, likitan nan..."

"Ai an ce ƙwararre ne," matar ta katse ta da fara'a. "Kin ga shaidarsa?"

Ƙofar ofishin a buɗe take, Dakta Abdulmajeed na tsaye a bakinta yana kallon Nazeefa. Ta sunkuya ta ɗauki jakar. Ilyasu ya danna hon.

Da ta fito, ta waiwaya sau ɗaya ta tagar ofishin. Wata nas ta hau kujera, tana goge gilashin firam ɗin da tsumma a hankali, kamar yadda ita ma ta saba yi.