Ƙullin Bahago

Ajudan Danda ya durƙusa a tsakiyar karar dabbobi ta Gidan Amumun yana lalubar wuyan akuyar mutane, dillalai na kallonsa suna ƙunshe dariya. Matarsa Zubaida na tsaye a kansa da lema tana ba mai akuyar haƙuri, wai tsohon nata haka yake, ba ya taya dabba sai ya gaisa da igiyarta.

Shekara takwas ke nan da ya tuɓe kakin jandarma yana da muƙamin ajudan, amma aiki guda ya ƙi tuɓuwa. Shekara goma sha tara da suka wuce, a wani ɗan ƙauye bayan Kanan-Bakashe, mutum goma sha ɗaya suka mutu cikin yini biyu. Wani ya huda galan na maganin fara, ya ɗaure shi da igiyar kaba, ya zura cikin rijiyar gari. Danda ne ya jawo igiyar da hannunsa, kuma bai taɓa manta ƙullin ba: naɗi biyu ta hagu, sannan a mayar da jelar a soke ta cikin tufka. Duk ƙauyen sun shaida ƙullin Talle ne, wani bahago mai tufka igiya da ya sha kaye a shari'ar gona. Kafin a isa gidansa ya ɓace.

Cikin waɗanda suka tsira akwai Hussaina, wadda ta binne miji da 'ya'ya uku. Duk Sallar layya takan zo Tasawa da kaza a hammata, ta gaishe da Danda, ta sha ruwa, ta koma. Ba ta taɓa tambayarsa ina aka kwana ba. Da za ta zage shi ma da ya fi jin daɗi, don kunyarta yake ji har cikin ƙashinsa.

Ga shi yanar ido ta rufe masa gani. Likitan Maradi ya ce a zo a kankare, shi kuwa kullum sai ya ce bayan kasuwa. Zubaida ta san gaskiyar: mutumin da ya yi gaba da gaba da 'yan fashi, wuƙar likita yake tsoro. Tun ranar da ya afka kwata a Kona ta daina barinsa fita shi kaɗai. Ita ce idonsa, ita ce kuma mai mitarsa.

Makon jiya ragon maƙwabcinsu Sule ya shigo gida ya far wa zogalen Zubaida. Danda ya cafke igiyarsa zai ja, sai ya tsaya cik kamar an dasa shi: ƙullin nan ne a ƙarƙashin yatsunsa. Sule ya ce a nan kasuwar ya sayo ragon, da igiyarsa.

A wuyan dabba ta tara yatsunsa suka sake cin karo da ƙullin. Mai akuyar ya nuna musu gindin wata bishiyar bedi, ya ce Malam Wada ne mai igiya, baƙo ne amma ya daɗe, ba ruwansa da kowa. Zubaida ba ta yi shawara da kowa ba ta saye akuyar. Ta kwance igiyar ta cusa a jaka, ta ja dabbar da kunne har gaban tsoho Malam Wada, ta ce ya ba su sabuwa ya ɗaure musu.

Danda ba ya ganin komai sai inuwar mutum a zaune. Ya karkata kai wajenta.

"Da wane hannu shika ƙullawa?"

"Hagu, Malam," ta raɗa masa.

Ya miƙa hannu ya shafa. Naɗi biyu, jela a soke. Ya ɗaga kai wajen inuwar.

"Talle, ina wuni?"

Tsohon ya ɗago kai ya dube shi. Akuya ta yi kuka, wani mai kabu-kabu ya wuce da kaji a bayan babur.

"Ajudan," ya ce daga baya. "Na sake suna, na sake gari, na aje gemu. Hannun ga ne bai ji magana ba."

Danda ya kai hannu ƙugu inda ankwa take zama a da, bai tarar da komai ba sai carbi. Shekara goma sha tara yana tsara wannan rana, bai taɓa tsara abin da zai biyo baya ba. Ashe Zubaida ta tsara. Tun suna cinikin akuya ta koma gefe ta kira Rabilu a waya, shugaban jandarmomin da ya koyi aiki a hannun mijinta. Talle bai gudu ba, ƙafafun ma ba na gudu ba ne. Ya ci gaba da murza kabarsa har motar jandarma ta tsaya.

Da aka tafi da shi, Danda ya zauna a kan tushen bishiyar. Ba murna ya ji ba, gajiya ce ta sauko masa gaba ɗaya. Ya tambaye ta yadda fuskar mutumin take.

"Tsoho ne awa kai," ta ce, tana goge masa ido da bakin gyale. "Sai dai kai ka hi shi kyau."

Ya yi dariya da hawaye a gemu. Ya ce ba Tasawa za su nufa ba, ƙauyen Hussaina za su, da akuyar, ko ya rama kaji goma sha tara. Ya laluba zai kama igiyar, ta buge masa hannu.

"Ba mu shiga gidanta da ƙullin ga."

Ta kwance igiyar ta haɗa da ta cikin jaka don a kai wa Rabilu. Sannan ta zare ɗankwalinta daga ƙarƙashin gyale, ta ɗaura a wuyan akuyar da irin nata ɗaurin na mata, ta danƙa masa bakin a hannu. Ita kuma ta kama hannun rigarsa, suka nufi tasha.