Inda Ƙarar Ta Mutu

"Sake ta," in ji Oga, mai shagon kayan sauti, ya ɗora ƙafa kan wata tsohuwar sifika.

Ƙanensa ya danna kwamfuta. Ƙarar ta taso kamar gurnanin babbar mota, tana hawa tana sirancewa. Haka ake gwada matatar sauti: a tura mata ƙara daga mai kauri har siririya, a ji inda za ta yanke. Guda biyu suka karɓo, ɗaya za su kafa gobe a ɗakin taron da suka samu aikinsa. Ƙanen ya so su duba zanen da kwamfuta ke fitarwa. Oga ya ce zane na 'yan boko ne, shi da kunne yake cin abinci, a bakin sifika gemunsa ya yi fari.

Ƙarar ta ɗauke ɗif. Ya ɗaga hannu.

"Jabu ce. Ko rabi ba ta kai ba. Jona ɗayar."

Aka jona. Ita ma ta mutu daidai inda ta farko ta mutu.

"Ɓarayin banza! Duk jirgi ɗaya ya kwaso su."

Sai ga telan da ke shagon gefe ya leƙo, yatsa cikin kunne, allura a baki.

"Haba Oga! Ku kashe wannan fito mana, har cikin haƙorina nake jin sa."

"Wane fito? Koma kan wandunanka."

Tela ya dubi ƙanen. Ƙanen ya dubi ƙasa.

Oga ya miƙe, ya fizge wayoyin da kansa, ya ture matatun gefe, ya haɗa kwamfuta da sifika kai tsaye. Yanzu babu abin da ke tsakaninsa da ƙarar sai iska. Ta taso, ta hau, ta zo wurin nan ta mutu. Tela kuwa sai yamutsa fuska yake.

Gumi ya tsattsafo wa Oga a wuya. Wannan karon bai ɗaga hannu ba. Ya lumshe ido, ya karkata kai, yana gyaɗa shi a hankali irin na gwanaye.

"Yauwa. Ka ji ta ko? Tana nan tana hawa. Tsaf, babu ko gargada. Na faɗa maka matatun ne."

Ya ci gaba da gyaɗa kai.

"Yaya," in ji ƙanen, murya ƙasa-ƙasa. Da ya ga bai juyo ba, ya ɗaga murya. "Yaya! Ta ƙare tun ɗazu."

Tela ya janye kansa ba sallama.

Ƙanen ya rufe kwamfuta, ya ɗauki matata ta biyu ya sa a kwali, bai tambayi kowa ba.

"Gobe ni zan zauna kan na'ura. Kai ka riƙa kula mana da wayoyi."

Wannan kam Oga ya ji ta sarai. Ya durƙusa ya fara naɗe waya.