Keken Baba Tela da Tantabarunsa

"Sun sauko?" Baba Tela ya sake tambaya daga kan gado, muryar da ƙyar take fita.

'Yarsa ta dubi mai kitso, maƙwabciyarsu da ta shigo dubiya, ta girgiza kai. Tun da ciwo ya kwantar da tsohon, tantabarunsa suka ƙi sauka daga kan rufi. An watsa musu hatsi a tsakar gida, an yi fito, har hularsa 'yar ta ɗora a ka ta tsaya a rana, amma ko kallo ba ta ishe su ba. Likita ya riga ya ce sai dai addu'a. Tsohon kuwa ya kasa runtsawa, sai juyi yake yi.

"Yunwa za ta kashe min su," ya ce. "Ba sa ci a hannun kowa sai nawa."

Abin ya tsaya wa mai kitso a rai. Ba ta so bawan Allahn nan ya tafi da damuwa. Shekara da shekaru tana kitso a bayan katangarsa, ƙarar kekensa na ɗinki a kunnenta. Can sai ta tuna: duk sanda ƙarar ta tsaya, motsin fukafukai take ji. Tsohon ba ya tashi ba su abinci sai ya gama ɗinki.

Ta yaye zanen da aka rufe keken da shi, ta zauna.

"Inna, ɗinki kuma? Yanzu?" 'yar ta ce, baki buɗe.

"Ke dai ɗauki kwanon hatsin ki tsaya a waje."

Ta shiga taka keken, ba zare ba yadi, yana ta ƙara. Sannan ta ɗauke ƙafa cak.

Aka yi jim. Sai ga su fuuu, sun cika tsakar gida, suna ture juna a ƙafafun 'yar.

"Baba, sun sauko! Wallahi suna ci!"

Tsohon ya kasa kunne, ya yi dariya har da tari. "'Yan banza. Ashe keken suke so, ba ni ba." Ya juyo wajen mai kitso. "Ki koya mata takawa."

"An gama, Baba. Ka huta."

Ya lumshe ido, barci ya ɗauke shi. Bai farka ba, kafin yamma ya cika.

Mai kitso ta yi kuka, amma zuciyarta wasai. Da ta fito, ta tarar da wata tantabara ta ƙoshi, ta kwanta a inuwar bakin ƙofarsa tana gyara gashinta da baki.