Yatsan Sammako

"Baba, sake dannawa," in ji jami'in. Karo na biyar ke nan.

Maƙwabcina ya goge babban yatsansa a gefen riga, ya sake ɗora shi a kan ɗan gilashin. Na'urar ta yi ƙara, ta kawo jar wuta. Ni ina gefe a inuwa, na rako surukata farfajiyar makaranta, inda ake rajistar tallafin manoma. Sammako muke ce masa, don ba a taɓa riga shi fita gona ba.

"Ba ta ganin komai, Baba. Yatsan naka ya shafe sumul, sai ka ce bayan cokali."

"Fartanya ce ta cinye shi, ɗana. Shekara hamsin. Zo ka ga gonar mana, ga ta can bayan rijiya."

"Ni ba gona aka aiko ni gani ba. Yatsa aka ce."

Tela ne ya biyo bayansa, mutumin da ko barkono bai taɓa shukawa ba. Dannawa ɗaya, wuta ta yi kore. Mai shagon magani ma haka, har da ƙanin direba da ya zo hutu daga birni.

Jami'in dai ba mugu ba ne. Ya rage murya ya ce, "Nan da sati uku za mu dawo. Ka ajiye aiki, ka riƙa shafa mai safe da yamma, zanen zai fito."

To, ku da ba ku san gonar ba, ƙasar ta gaji. In babu taki bana, ko na bakin yara ba za ta ba shi ba. Sai ga Sammako, ana tsakiyar noman farko, zaune a kan benci a ƙofar gida, hannuwa a kan gwiwa suna ƙyalli.

"Amarya, an sha mai?" nake ce masa in zan wuce.

"Ke dai tsohuwa, bari na'ura ta gan ni. Masarata sai kin ɗaga kai."

Ko igiyar akuya bai yarda ya riƙe ba. Ruwa kuwa kullum sai an yi. Da hantsi zai taka har bakin gona, hannu goye a baya, ya tsaya ya kalli ciyawa, ya dawo kan bencinsa. Sati na biyu abinci ya fara fita ransa, ƙafafu suka kumbura. Matarsa, wadda nake kira Yaya, ta ce, "Malam, jikin nan bai saba zama ba. Ka koma gonarka, Allah na nan."

"Saura kwana tara," ya ce.

Ranar Talata da safe ta fito masa da ruwan zafi, ta same shi ya jingina da bango, gwangwanin mai a buɗe kusa da shi. Ta kira sau biyu. Sannan ta kira ni.

Ran Asabar motar jami'ai ta dawo. Yaya ta ce sai ta je, na bi ta. Da aka kira sunansa ta matsa gaban tebur.

"Ya rasu."

"Allah ya jiƙansa, Mama. Sai dai sunansa ne a ciki, kuma sai da yatsansa."

"Zanen ya fito fa," ta ce. "Na duba kafin a ɗauke shi. Tsaf, har ɗan zagayen nan na tsakiya."

Jami'in ya sunkuyar da kai, ya yi ta goge gilashin da bai yi datti ba.

A hanyar dawowa ba ta nufi gida ba, ta bi ta bayan rijiya. Masarar ta yi rawaya, da ƙyar ake hango kanta cikin ciyawa. Yaya ta tuɓe takalmanta, ta jera su a kan kunya ta farko, ta gyara ɗaurin zane.