Karnen Rahina

Illo tela ne a Zongo. Daga Tawa ya zo Yamai da keken ɗinki ɗaya da matarsa Rahina, ba dangin iya ba na baba. Shi bai taka ƙofar lakwal, makarantar boko, ba, ita ma haka.

Da cikinta ya kai wata bakwai ta je awo, sau ɗaya tak, don ranar awo ranar da ba ta soya ƙosai ba ce, tukunya kuwa ba ta san uzuri ba. Ungozomar gidan likita ta ɗaura mata abu a hannu, ta ɓata fuska, ta yi rubutu da jan biro a karne, wato katin awo. Ta yi bayani da Zabarmanci cakuɗe da Faransanci, mata arba'in na jira a baya. Rahina ta gyaɗa kai kawai.

"Me suka ce?" in ji Illo.

"Kamar dai in riƙa hutawa."

Illo mutum ne mai tattali, irin wanda ko guntun zare ba ya yarwa. Ya naɗe karnen cikin leda biyu ya sa a ƙasan akwati. Ya kai wa wani ya karanta? Sirrin cikin matarsa? Kunya ba ta bar shi ba.

Ƙafafunta suka kumbura, matan gidan haya suka ce alamar namiji ne. Wata safiya ta ce kanta na sarawa, kafin hantsi ta faɗi tana jijjiga. Aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi har azahar. Da taksi ta kai su gidan likita, sai dai aka rufe ta da zanenta, ita da abin cikinta.

Bayan sadakar arba'in, ɗakin ya yi masa faɗi. Ya koma kwana a shago, keke ne abokin hirarsa.

Ranar nan Madam Hadiyya, malamar lakwal, ta kawo riga a buɗa mata, ita ma tsohon ciki gare ta. Illo ya daɗe yana juya rigar, sannan ya ciro ledar karnen daga akwatin da ya dawo da shi shago.

"Don Allah Madam, duba mini."

Ta karanta, ta ɗago kai.

"Tansiyo ce, Malam Illo, jininta ya hau sosai. An ce ta dawo bayan kwana uku, tilas. Har an ja layi biyu."

Ya karɓa da hannu biyu. Karnen fes yake kamar yau aka ba da shi.

"Wallahi Madam," ya ce, "ko ƙura ban bari ta taɓa shi ba."