Kira Huɗu Ranar Arfa

Ranar Arfa aka kira ni sau huɗu daga ɗakin da yayata take kwance, sau huɗun kuma ni da babban yatsana na kashe kiran, saboda yana katse mana kallo. Wasu suna cewa sabis ne, wasu suna cewa ƙaddara ce, don su rufa mini asiri. Ƙaddara kam ƙaddara ce. Amma yatsan nawa ne.

Sunana Iliyasu. Noma nake yi a ƙauyenmu, arewa da Ɗambatta, inda gonar wannan take jingine da ta wancan, gamba kawai ta raba. Uwarmu ta rasu ina da wata bakwai. Yaya Raudatu tana da shekara goma sha ɗaya a lokacin, ita ta goye ni, ita ta ɗura mini kunu da nonon akuya har na yi ƙafa. Aure ya kai ta wani ƙauye bayan Rimin Gado. Mijin ya rasu, ɗa namiji bai tsaya mata ba, sai 'ya ɗaya, Ramlat, wadda take aure a nan garin da wani tela mai suna Khalilu.

Da ƙafafunta suka fara kumbura na je duba ta. Ta kore kowa daga ɗakin, ta ce in zauna a bakin gado.

"Iliya, ni na goye ka, kai za ka kwantar da ni. Ranar da na cika, kai za ka shiga ramin ka karɓe ni."

Na ce, "Yaya, wa ya san gawar fari? Kuma ga Khalilu, surukinki ne, ya halatta."

"Ya halatta, amma kunyarsa nake ji. Shekara goma sha biyar ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba, in na ji sallamarsa mayafi nake ja. Sai ranar nan zai ɗauke ni kamar damin gero? Ka yi mini alkawari."

Na yi mata. Na ɗauko gawayi a murhu na rubuta lambar wayata a bango, daidai kan gadonta, manya-manya. Na ce ko tsakar rana ko yaushe, a kira wannan, wayata ba ta barin aljihuna. A lokacin gaskiya na faɗa.

Akwatin ya zo bayan nan, da kaka, da na sayar da riɗi. Na sa sola, na sayi talabijin, sai mai shagon a Ɗambatta ya nuna mini wani ɗan baƙin abu da bai kai tafin hannuna ba. Ya ce wannan ya fi dish, ba faranti a kan rufi, ba jiran abin da tasha ta ga dama ta saka. Abin da kake so shi za ka nemo. Sharaɗinsa ɗaya, waya ce za ta ba shi data, sai tana kusa da shi zai yi aiki.

Ba zan ci amanar akwatin nan ba, ya yi mini rana. A cikinsa na ga yadda ake kashe tsutsar masara tun tana cikin kunnen ganye, na gwada, masarata ta tsira, ta maƙwabcina ta tafi. Tafsirin da ya wuce ni ina gona, in na dawo sai in mayar da shi baya. Dambe kuwa har sai na gaji. Maiɗakina Zulaihatu ta koyi wani ɗinkin hula a ciki, har sari ake yi a wurinta.

Da rani Yaya ta samu sauƙi ta zo mana kwana biyar. Na kunna mata Makka. Ta daɗe tana kallon masu ɗawafi, sannan ta ce, "Wannan na bara ne?"

"Na yanzu ne, Yaya. Yanzu-yanzu suke zagayawa."

Ta miƙe da kyar, ta fita. Na ɗauka ranta ne ya ɓaci. Ashe alwala ta je ta yi. Ta dawo ta zauna a ƙasa, ta ƙi kujera, hawaye yana bin fuskarta. Ba ta taɓa zuwa ba, ta kuma san ba za ta je ba.

"Ranar Arfa ma yana nunawa?"

"Tun daga huɗuba har faɗuwar rana."

"To na ba ka aiki. Ranar ka kunna, in sun ɗaga hannu ka ɗaga, ka kira sunana. Ban ce ka dunƙule ni cikin 'yan'uwa Musulmi ba. Raudatu za ka ce."

Na ce an gama.

Aibinsa kuma ga shi. Yana cin data kamar fara ta sauka a gero. Hirar gindin darbejiya ta mutu, kowa ya dawo zaurena, ana zaune kafaɗa da kafaɗa ba mai yi wa wani magana. Tuwo ya sha ƙonewa a gidana. Amma babban aibin shi ne wannan: sabis ɗin garinmu ba shi da ƙarfi, sai na ɗora wayar a tagar zaure take kamawa, kuma da zarar kira ya shigo sai hoton ya tsaya cak, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a tsakiyar talabijin. In ka ɗauki kiran, kafin hoton ya dawo an sha shayi an wanke kofi. In ka kashe da sauri, nan da nan yake dawowa. Haka hannuna ya koyi kashewa. Wayar da na ce ba ta barin aljihuna ta koma zaman taga. Baƙuwar lamba kuwa ko kallo ba ta ishe ni ba, na ce 'yan damfara ne da masu tallan waƙa.

Saura kwana biyu Arfa na kira Ramlat. Ta ce jikin ya ɗan motsa, amma ta sha kunu. Na ce a gaya mata washegarin Sallah ina tafe da cinyar rago. An yi ruwa a makon, mun gama shuka, hankalina kwance.

Ranar Arfa tun da hantsi zaurena ya cika. Mutum ya fi talatin, kowa da azumi a bakinsa, har mai unguwa ya zo da buzunsa, har Malam Sani limaminmu, wanda bai taɓa taka zauren don kallo ba. Na shimfiɗa tabarmi har waje. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Ni Iliya, yau a zaurena gari yake tsayuwar Arfa.

An fara huɗuba ke nan wayar ta yi ƙara. Hoto ya tsaya, mai huɗuba baki buɗe. Na leƙa, baƙuwar lamba.

Hadi, taubashina, wanda ba ya ganina ya ƙyale, ya ce, "Iliya, akwatin naka ma azumi yake? Tun hantsi ya galabaita!"

Aka yi dariya. Na kashe. Hoto ya dawo.

Ba a jima ba ta sake. Lambar ɗazu.

"Ɗauka mana mu ji muryarta," in ji Hadi. "Bazawara ce, ta ji an ce ka yi sola."

"Da bazawara ce ai kai za ta nema, kai da ba ka da aikin yi sai tsefe gemu."

Na kashe.

A na uku Malam Sani ya juyo ya ce, "Malam Iliya, da ka ɗauka. Wanda ya kira sau uku da magana a bakinsa. Mu ma jira."

A nan ne Yaya ta faɗo mini a rai, ba zan ce ba ta faɗo ba. Sai na ce wa kaina, da ita ce ai sunan Ramlat zai fito. Na dubi mai unguwa, na dubi mutanen da suka cika ƙofa. Na ce, "Allah gafarta Malam, duk mai nemana da gaske yana da suna a wayar nan." Na kashe.

Na huɗun ya zo can wajen sha biyu. Shi ko leƙawa ban yi sosai ba.

Muka yi azahar muka dawo. Alhazai sun watsu a fili, hannuwa a sama, wasu suna kuka. Ni kuwa ina ta fama, in gyara zaman waya a taga, in ƙara murya, in duba ko batir zai kai mu yamma, in matsar da wannan don wancan ya gani. Sai na ji ana tafa hannu a ƙofar cikin gida.

"Malam." Muryar Zulaihatu ce.

Na ce, "A jira."

"Malam!"

"Na ce a jira, ba ki ga da mutane ba?"

Sai kawai ta ɗaga labule ta shigo. Shekara ashirin da biyu muna tare, ba ta taɓa sa ƙafa a zauren nan da baƙo namiji a ciki ba. Ta ratsa maza talatin, ba ta ko rufe fuska ba, ta miƙo mini 'yar ƙaramar wayarta. 

"Kawu," in ji Ramlat, "Inna ta cika tun kafin azahar. An yi mata wanka. Hadari ya haɗo, liman ya ce ba za a wuce la'asar ba, kar ruwa ya cika kabarin."

Na ce, "Ku jira ni. Ku ce na ce a jira ni."

Hadi ne ya tayar da babur ɗinsa, na hau bayansa. Tun muna yara ban taɓa ganin bakinsa a rufe haka ba. Jajiberin Sallah ne, titi ya cika da motocin raguna da masu komawa gida. Muka yanke ta Bagwai. A can ruwa ya tare mu, wani rafi ya kawo, muka tsaya a bakinsa da mu da masu shanu muna kallonsa har ya sauka. Wayata na baro ta a taga, da ta Zulaihatu na yi ta kiran Ramlat, ba ta ɗauka ba. A nan na ji yadda abin yake.

Rana ta kusa faɗuwa muka isa. Tun daga nesa na ga mutane zaune a ƙofar gida, ƙafafunsu duk jar laka. Ba sai an gaya mini ba.

Khalilu ya taso. Laka har ƙirjin rigarsa. Ya durƙusa, ya kasa dubana.

"Kawu, mun jira. Wallahi mun jira har aka fara yayyafi. Ba wani muharrami sai ni." Sannan ya ce, "Na san ba ta so. Rufe idona na yi sanda aka miƙo ta."

Na ce Allah ya saka masa da alheri. 

Ramlat ta kai ni ɗakin. An naɗe katifa, gadon ya rage ƙarfe. Lambata tana nan a bango, gawayin bai ko dusashe ba. Ta ce wayarta ta mutu tun jiya, mai caji ya rufe shago ya tafi kai raguna kasuwa. Duk lambobin suna cikinta. Da jikin ya rikice sai ta ari wayar maƙwabciya, ta kwafi ta bangon. Sai bayan azahar aka samu wani mai sola ya ɗan sa mata caji, ta nemo lambar Zulaihatu.

Na tambaye ta abin da bai kamata in tambaya ba. Na ce, "Sanda kika fara kira, tana da rai?"

"Kira uku na farko tana da rai, Kawu. Ita ta ce a kira. A kunnenta na kara wayar. Na huɗun ne na kira in gaya maka ta tafi."

"Ta ce wani abu?"

"Da ta ji ya katse ta ce, ya kashe ko? Na ce a'a Inna, sabis ne. Ta ce, ke tafi can, ni na goyi yaron nan. A na ukun sai ta ce in bari haka. Ta ce, yau Arfa, yana gaban akwatinsa. Ni na sa shi aiki. Ku ƙyale shi, sunana yake kira."

Ramlat ta share ido da bakin zani, ta dube ni.

"Ka kira ɗin, Kawu?"

Na ce, "Na kira."

Ta ce alhamdu lillahi, ta ce wannan ya sanyaya mata rai.

Akwatin yana nan. Hadi ya ce in fasa shi, wani ya ce in sayar. Na ce me ya yi? Ya nuna Arfa kamar yadda aka ce zai nuna, tun daga huɗuba har faɗuwar rana, an ce ma bayan tafiyata bai sake tsayawa ba ko sau ɗaya. Na saya masa waya da layinsa daban, wayata ta koma aljihu. Yanzu kowa ya kira ina ɗauka, har masu tallan waƙar.

Ƙarya na yi wa Ramlat a ɗakin nan. Tun hantsi har Zulaihatu ta ɗaga labule, rimot ne a hannuna, ban ɗaga shi sama ba, ban ce Raudatu ba ko sau ɗaya. Abu biyu matar nan ta roƙe ni a duniya. Ta haƙura da ɗaya don ta ɗauka ina kan yi mata ɗayan, ta mutu a kan haka, surukin da ta shekara goma sha biyar tana ja wa mayafi ya karɓe ta cikin yayyafi.