Ƙuri'ar da Mma Barkisu Ba Ta Jefa Ba

Ƙungiyar 'yan matan unguwarsu a Asawase ce ta ɗora wa Hikima aikin: ranar Asabar ta zagaya da su cikin Kumasi a ƙafa, ta ba su tarihin yadda mata suka fara jefa ƙuri'a a Ghana. Mako biyu tana karance-karance, har ta tsayar da wurare shida, dukkansu a tsakiyar gari.

Ranar Alhamis da hantsi ta shirya don ta gwada hanyar. Kakarta, Hajiya Mamuna, ta yafa mayafi ta ce za ta bi ta, dama likita ya ce ta riƙa motsa ƙafa.

Suna jiran trotro, motar haya, tsohuwar ta ce a karanta mata takardar da Hikima ta rubuta wuraren. Hikima ta karanta har ƙarshe.

"Mu fa?" in ji Hajiya.

"Kaka, ban ga an rubuta komai a kan matan Zongo ba."

"To, bar motar ta wuce."

Suka bi lungu, suka wuce mai waakye, wato shinkafa da wake, da layin maɗinka, Hajiya tana tsayawa gaisawa kusan kowace ƙofa. A gaban wani shagon gyaran firji ta tsaya, ta dafa bango tana maida numfashi.

"Nan makaranta ce a da, mai rufin kwano. A nan aka yi zaɓe shekara ɗaya kafin samun 'yancin kai. Ina da shekara tara."

Ta ce mahaifiyarta, Mma Barkisu, mai koko da ƙosai ce, kuma ba gidan da ba ta shiga da ƙwaryarta. Da aka fara rubuta sunayen masu zaɓe, 'yan siyasa suka riƙa tara maza a ƙofar gida, ba wanda ya leƙa ciki. Sai Mma Barkisu ta ɗauki abin a kanta. Tana zuba koko tana cewa, "An ce har da mu. Ku tashi a rubuta ku." Wasu magidanta suka daina sayen kokonta. Duk da haka ta tattara mata fiye da ashirin, ta shige gaba.

"Da aka zo kanta, akawu ya tambaye ta inda aka haife ta. Ta ce Damagaram. Ya ajiye alƙalami, ya ce can ƙasar Faransa ce, ba za a rubuta ta ba."

"Ba ta ce masa a nan take zaune ba?"

"Shekara goma sha biyar tana nan. Ƙawayenta suka ce ta koma gobe wurin wani akawun ta ce Kumasi. Ta ce ba za ta musanta garin uwarta don takarda ba."

Hikima ta kalli tsofaffin firji da aka jera a bakin hanya.

"Ranar zaɓe ta zo," Hajiya ta ci gaba. "Ta shimfiɗa tabarma a can, akwai bishiyar darbejiya a lokacin. Duk mai goyo ta kwance ta miƙa mata, ta shiga layi. Na ga jarirai biyar a jikinta lokaci guda. Kowace ta fito sai ta tambaye ta, 'Yaya cikin yake?' Wata ta ce mata, 'Akwatuna ne kawai, wani da zakara, wani da bishiyar koko.' Sai Mma ta yi dariya."

"Ba ta ji zafi ba?"

"Ta ji mana. Kwana uku ba ta ɗora tukunya ba."

"Daga baya fa, ta samu ta yi zaɓen?"

"Har Allah Ya karɓi ranta ba ta yi ba."

Hikima ta daɗe a tsaye. Ta tuna zaɓen da ya wuce, da ita kanta ta ga layi ya yi tsawo ta koma gida. Ba ta faɗa wa kakarta ba. Ta shiga shagon ta gaida mai shi, wani Alidu, ta roƙi izinin kawo mutane ranar Asabar. Ya ce ba damuwa, muddin ba su tare ƙofa ba.

Ranar Asabar 'yan mata goma sha takwas suka zo. Alidu ya fito da kujera, Hajiya Mamuna ta zauna ta ba da labarin da bakinta. Da ta gama, ta fara lissafo matan da suka bi mahaifiyarta, amma goma sha ɗaya kawai ta iya tunawa. Da ta ambaci Salwa mai saƙar tabarma, wata yarinya mai suna Nuriyya ta ɗaga hannu a hankali, ta ce kakar babanta ce, kuma ba wanda ya taɓa gaya mata.

"Ƙanwar kakanki tana da rai, ai," in ji Hajiya. "Je ki tambaye ta. Wataƙila ita ta riƙe sauran sunayen."